Rabon Ruwan Gidan Tasalla

Tun da aka rufe rijiyoyi, famfon unguwa ke raba ruwa, kowane mutum lita ashirin. Da safe Tasalla ta zo da cikinta ɗan wata biyar. Ta danna uku, adadin mutanen gidanta, famfo ya ƙi. Ta danna uku da rabi, ya ƙi.

"Ba ya karɓar rabin mutum, 'yata," in ji Baba Ilu mai gadin famfon. "Gwada huɗu."

Huɗun ma ya ƙi.

"Baba, mu uku ne a gida, sai wannan."

Tsohon ya dubi cikinta. "Danna biyar."

Ruwa ya ɓarke cikin jarka. Tasalla ta dafa cikinta.

"Ko awo ban fara zuwa ba. Wa ya gaya wa famfon nan su biyu ne?"

Baba Ilu ya kau da kai daga famfon. "Aika a ƙaro miki jarka."