Ƙofar Batirin Uwani

Tun da hukuma ta haɗa batiran ajiyar wuta na gidajen Funtuwa a layi ɗaya, kowane batir ya samu ƙofarsa ta intanet. Duk wanda ka ba lambarka yana iya jan wuta daga naka idan nasa ya mutu. Uwani kuwa ba ta taɓa hana maƙwabci lamba ba, kamar yadda mahaifiyarta ba ta taɓa hana kowa ɗiban garwashi ba.

Jiya da la'asar batirinta ya ƙare, injin da ke taimaka wa mijinta numfashi ya tsaya har leɓɓansa suka yi baƙi. Shi ya sa yau ta yi sammako shagon Ɗanliti mai gyara.

"Rufe min ƙofar nan," ta ce.

Ya duba kwamfutarsa. "Inna, ai lambarki ta zaga unguwa. Har mai injin niƙa yana ja."

"Ni maƙwabta kawai na ba."

"Su ma suna da maƙwabta. Zan rufe, amma ba a zaɓe, kowa zai fita. Kuma sunan wanda ya rufe yana fitowa a wayar kowa."

Ta gyara mayafinta. "Rufe."

Da ta dawo, ta tarar da maƙwabciyarta Lantana, wadda fankarta ke jan wuta daga batirin Uwani, zaune a ƙofar gida, tana yi wa jaririnta fifita da murfin kwano, wayarta a cinya.

"Sannu da dawowa, Yaya. Ya mai jiki?"

"Da sauƙi," in ji Uwani.

Daga cikin ɗaki ana jin injin numfashin yana ta aiki, bai tsaya ba.