Kada Mai Hannun Hagu Huɗu

Tun da ka ce zaman waɗancan mutanen bai tsinana maka komai ba, gyara zama in buga maka misali.

Akwai wani masunci a bakin wani babban tafki, mutum mai iyali, baki goma sha ɗaya ke jiran tarunsa kullum. A gabashin tafkin akwai wata gaɓa marar zurfi da ciyawa ta cika, nan kifi ke shiga ya yi ƙwai in ruwa ya hau da damina. Don haka Sarkin Ruwa ya hana jan taru a wurin. Amma ya bar masu fatsa, su tela da wanzami da wani tsohon direba da ido ya fara gudu. Su ba sana'arsu ba ce, sha'awa ce kawai. Su zo da hantsi da gwangwanin tana, su kafa gindi har la'asar, su kama karfasa uku, su koma gari su ce wata ƙatuwa kamar ɗan maraƙi ta tsinke musu zare. Wannan abu ya tsaya wa masunci a wuya. Shi sai ya tuƙa kwalekwale har tsakiyar ruwa, kafaɗa kamar ta ɓalle, alhali ga masu wasa a inuwa suna zaune a kan kifi. Ya kai ƙara. Sarkin Ruwa ya saurare shi har ya gama, ya ce, "Ƙugiya baki ɗaya take ci. Tarunka gari guda yake haɗiyewa. Bar su su zauna." Masunci ya ce, "Ranka ya daɗe," amma cikinsa bai ce ba.

To, mutumin naka akwai shaƙiyanci. Wata safiya ya riga kowa zuwa gaɓar, ya jawo guntun icce cikin taɓo daga ruwa zuwa gindin bishiyar da tela ke zama, ya zama kamar jan wutsiyar kada. Hannun dama na riƙe da iccen, sai ya yi ta danna na hagu a gefe da gefe, yatsu a buɗe. Ya ƙara da yagaggen takalmi ƙafa ɗaya, ya koma kwalekwalensa ya zuba ido. Tela ne ya fara gani. Ko gwangwanin tana bai tsaya ɗauka ba. Tsohon direban nan da ke cewa gwiwa ta hana shi ruku'u, ran nan shi ya riga kowa shiga gari. Kafin azahar labari ya cika kasuwa cewa kada ya cinye mutum ya bar takalmi. Masunci ya yi dariya har ya kusa kifar da kwalekwale. Gaɓa ta yi tsit, sai balbela.

Abin da bai lissafa ba, a ƙetaren tafkin akwai wasu da suka daɗe suna haɗiyar miyau a kan gaɓar nan. Ba Sarkin Ruwa suke tsoro ba, shi gidansa da nisa. Abin da ya tare su shi ne idon masu fatsa, don wanzami in ya ga abu da hantsi, kafin azahar har kurma ya ji. Da suka sami labarin kada sai suka zo dubawa. Su kuwa a ruwa aka yanke musu cibi. Suka kalli sawun, suka kalli juna, suka ce tun da uwarsu ta haife su ba su taɓa ganin kada mai hannun hagu huɗu ba. Daga ranar, da rana tsaka, lokacin da masunta ke can tsakiyar ruwa, sai su shigo da gidajen sauro da aka ɗinke wuri guda, su tace gaɓar kamar mai tace koko. Ƙwai, 'ya'yan kifi masu kamar ƙwayar kabewa, uwaye masu ciki, duk a buhu, a shanya a kai wa masu kaji. Haka aka yi damina guda ba wanda ya gani.

Shekarar ba a ji komai ba. Da ta zagayo, masunci ya fara jawo taru yana jin sa sakayau kamar rigar da aka wanke. Yau rabin kwando, gobe abin miya, jibi ciyawa da kwaɗo. Maiɗakinsa ta daina hura wutar banda. Da ya je gaɓar da kansa ya ga ciyawa a tattake, ga yagaggen gidan sauro rataye a reshe, bai nemi mai yi masa fassara ba. Ya zauna a gindin bishiyar tela, ya daɗe.

Washegari ya zaɓi tarwaɗa mafi girma cikin 'yan huɗun da ya samu, ya nufi shagon tela. Aka gaisa, ya ajiye, ya ce, "Malam, don Allah ku koma wurin zamanku. Tana ma ni zan riƙa haƙo muku."

Tela bai ɗaga ƙafa daga keke ba. Ya ce, "Mu koma a cinye mu? Ina ka baro kada?"

Masunci ya sunkuyar da kai, ya miƙa masa hannun hagu, yatsu a buɗe. Tela ya dubi hannun, ya dubi tarwaɗar, ya ce, "Takalmina ma da na yar a guje, ƙafa biyu ne. Sai ka haɗa da su."

Sun koma, amma sai da tafkin ya ci damina uku kafin taru ya sake nauyi. Ka ga abin da magabata ke faɗa ke nan: sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.