Bindigar Roba Zuwa Marseille

Uwaisu yana cikin goge wata bindigar roba a garejinsa da ke Glenwood saƙo na huɗu ya shigo daga wani mai saye da ya ce a Marseille yake.

Sana'arsa ke nan, ƙera takubba da bindigogin ƙarya irin na fim, yana tura wa masu tara su a ƙasashen waje. Kowace bindiga sai ya sa mata bakin nan mai launin ruwan lemo da doka ta tanada, a takardar kwastan kuma ya rubuta abin da ke cikin kwalin dalla-dalla. Saboda wannan bin ƙa'ida nasa, abokansa har Liman suke ce masa.

Wannan mai saye kuwa ya zo da rigima. Guda goma yake so, amma a cire bakin lemon, a kuma rubuta kayan kicin ne. Uwaisu ya ba shi haƙuri. Mutumin ya dawo da wata dabarar, har da lambar fom ɗin da za a cike da ranar da ma'aikata suka fi sakaci.

Cinikin ya shiga ran Uwaisu, don aure ne a gabansa. Saura mako biyu ya gaida Alhaji Djibrilla, mahaifin budurwarsa Sakinatou, ta bidiyo, dattijon da ya yi ritaya a Yamai, wanda aka ce ya kori manema biyu. Ya karanta wa Sakinatou saƙonnin yana neman shawara. Ta rufe baki da mayafi, ta ce ita ba ruwanta.

Kwana uku yana juya maganar. A na huɗu ya rubuta amsa: ba zai yi ba, kuma bisa ga alama mai saƙon ya manyanta, to ya ji tsoron Allah, ya bar koya wa yara fasa-ƙwauri.

Ranar gaisuwa ya sa babbar riga, ya durƙusa gaban waya yana gumi. Alhaji Djibrilla ya daɗe yana kallonsa ta saman tabarau kafin ya amsa.

"Na ba ka ita," in ji shi. "Shekara talatin na yi a duwan, wato kwastan ɗinmu, ina kama 'yan fasa-ƙwauri, amma ba wanda ya taɓa ce min in ji tsoron Allah a kan bindigar roba sai kai."