Ranar da Aji Ya Yi Shiru

Matar ƙanena ta same ni a gareji, hannuna duk baƙin mai.

"Yaya, Malam ya tafi makaranta."

"To ina kike so ya tafi? Kasuwa?"

"An ba da hutu fa tun makon jiya. Tun da abokan aikinsa suka ajiye aiki aka haɗa masa aji uku, ba ya ci, ba ya barci. Ko ya runtsa, cewa yake a yi shiru. Gajiya za ta kashe shi."

"Wace gajiya? Mutumin da ke aiki a inuwa?"

Duk da haka na ajiye sifana na tafi.

Filin makarantar ba kowa. Daga ajin ƙarshe na jiyo muryarsa a dushe, yana bayani cikin natsuwa. Na leƙa. Kujeru duk a kife kan tebura, ƙura ta rufe su. Shi kuwa ya ba ni baya, yana rubutu a allon siminti.

"Kai, Malam, zo mu tafi gida."

Bai juyo ba. "Yaya, rage murya. Yau kaɗai suka taɓa saurarona. Bari in ƙarasa musu."

Sai na dubi allon da kyau. Layukan sama farare ne. Allin ya ƙare masa tun a tsakiya, bai sani ba, da yatsa yake gurzar simintin. Daga nan zuwa ƙasa rubutun ja ne, ko bushewa bai yi ba.