Jana'izar Mai Injin Niƙa

An shimfiɗe gawar Alhaji Abdulrashid mai injin niƙa a ƙofar gidansa, maza suka ja sahu. Iliyasu ya tsaya can baya, ƙafafunsa duk ƙasar gona. Ya gaji, kuma ba gajiyar noma ba ce.

Yana ɗan saurayi aka kai shi aiki ɗakin injin nan, shekarar da yayansa Kamaruddeen ya tafi ci-rani babu ko sallama. Abin da Alhaji ya riƙa yi masa in ya tura ƙyaure, ƙarar inji ce ta rufe shi.

Ba wai bai gwada faɗa ba. Mai unguwa dariya ya yi, ya ce ƙato kamarsa wa zai iya dannewa. A wani asibiti, ma'aikaciyar jinya leƙa bayansa ta yi tana neman yarinyar da ya rako. Liman kuwa ya ce ya rufa wa kansa asiri, in ba haka ba babu mai ba shi 'ya. Amma wanda ya fi ci masa rai shi ne Kamaruddeen. Bayan dawowarsa Iliyasu ya soma ba shi labari, tun bai kai ƙarshe ba ya kwashe shi da mari. Daga ranar sai gaisuwa.

Dama Kamaruddeen mutum ne mai wuyar sha'ani. Ga inji a bakin ƙofa, amma sai ya ɗaura dawarsa a babur ya kai niƙa har Bici. Mutane suka ce taurin kai ne.

Yau za a binne Alhaji, za a binne maganar tare da shi, babu ko mutum ɗaya da ya gaskata Iliyasu.

Liman ya juyo ya ce, "Jama'a, duk wanda mamaci ya saɓa wa, ya yafe masa."

"Mun yafe!" in ji sahu gaba ɗaya.

Iliyasu ya datse bakinsa. Sai ya ji an damƙe masa wuyan hannu. Kamaruddeen ne a gefensa, shi ma bakinsa a rufe gam.

"Yaya," Iliyasu ya ce ƙasa-ƙasa, "kai ma ba ka amsa ba."

Kamaruddeen bai dube shi ba, idonsa na kan likkafani, ya ce:

"Ka manta wanda ka gada a ɗakin injin nan?"