Ƙungiyar Masu Man Gyaɗa ta Tamale

Mu biyar muka dafa turmi a gidan Magajiya a Zogbeli, muka rantse ba mai sake matse gyaɗa sai kwalbar mai ta kai sule biyu.

Dabarar Magajiya ce. Tichan da ke haya a gidanta ya karanta mata a jarida cewa ƙasashe biyar masu man fetur sun haɗa baki a Bagadaza, don Bature ya daina yanka musu farashi.

"Su biyar, mu biyar," in ji ta. "Ghana ma ta ƙwaci kanta. Sai masu ƙosai sun durƙusa mana."

Kwana bakwai, ba wadda ta durƙusa. Ƙosai na ta soyuwa daga Kukuo har Sagnarigu, kwalba na nan a sule ɗaya.

Magajiya ta tara mu tana huci. "Wace munafukar ce?"

Kowacce ta rantse. Ni har da hawaye.

Sai ga matar ticha daga kasuwa da kwando. "Magajiya, ƙuli-ƙuli ya yi araha! Duk wannan na taro ne, kwabo uku kacal!"

Muka zuba wa kwandon ido. Ba a samun ƙuli-ƙuli sai an matse mai, kuma kowaccenmu da irin murzarta.

Ta juye a tabarma: dogo, dunƙule, falle, nawa mai yaji, da mai zobe, wanda duk Tamale mutum ɗaya ke yi.

Magajiya ta ɗauki zoben nan nata, ta gurgura, ta haɗiye.

"To," ta ce, "a sake dafa turmin."