Takalman Dada a Bakin Ƙofa

Wata la'asar a gidanmu na Turaki, muna kallon fim da Baba. Wani mutum ne kullum yake zuba wa matarsa shayi suna hira, sai a ƙarshe aka gano ta daɗe da rasuwa. Na ƙyalƙyale da dariya, na ce, "Baba, ashe mahaukaci ne!"

Baba bai kalle ni ba. Ya ce, "Shi kaɗai ne bai manta da ita ba."

Idonsa na kan takalman Dada, mahaifiyarmu, da ke bakin ƙofa tun ranar da aka binne ta. Kowace safiya sai ya goge su.

Yau na kai shekarunsa. Ina ma a ranar na matsa kusa da shi, na yi shiru.